Fos-besik ko digiri? Lissafin da na kwashe wata huɗu ina yi

Wajen ƙarfe uku na dare ne, ina dutin dare a ɗakin jarirai, nepa sun ɗauke wuta an tada janareta, ina zaune kusa da wani jariri mai shawara da muka kwantar a ƙarƙashin shuɗiyar fitilar nan an rufe masa ido da bandeji, uwarsa kuma barci ya sace ta a kan tabarma a baranda. Na gama ba wa na inkubeta na biyu madara ta tiyo, na rubuta a foldarsa, na ciro waya na buɗe hotuna guda biyu da na yi wata huɗu ina kallo kamar za su yi min magana. Ɗaya tallan fom ɗin fos-besik ne na jinyar yara, wato kwas ɗin ƙwarewa a fanni ɗaya da nas take yi bayan ta samu lasisi, ɗayan kuma na digirin nas ne na karatu daga nesa. Shekarata tara ina aiki, ina da RN, wato rajistar nas, ina da RM ta ungozoma, 'ya'yana uku, kuma wallahi har daren nan ban san wanne zan cike ba.

Abin da ya sa nake rubuta wannan, na san ba ni kaɗai ba ce. Duk guruf ɗin nas-nas da kika shiga a WhatsApp maganar kenan, wannan ta ce sista ki tafi digiri kawai, waccan ta ce digirin me, je ki ƙware a wani fanni ki huta, wani ɗan uwa kuma ya faɗo ya ce duk ku bar wannan ku nemi IELTS, jarrabawar Turancin nan ta masu fita waje. Kowa da gaskiyarsa fa, sai dai kowa yana magana ne daga inda yake tsaye.

Ni ta tsohuwar hanya na shigo. Sukul of nosin, shekara uku, aka tace mu a PTS, wato zangon gwaji na farko, bayan wata shida wasu suka koma gida da kuka, muka rage muka ci gaba, muka zana jarrabawar kansul, wato hukumar da ke ba nas-nas da ungozoma lasisi, muka samu RN. Bayan na fara aiki na koma na yi ungozoma wata 18 na ƙara RM, don a lokacin duk macen da ba ta da takarda biyu kallon rabin nas ake mata. Kuma ba zan taɓa raina wannan hanyar ba, ita ta koya min aiki da hannuna, tun ina aji ɗaya nake gyaran gado nake wanke ciwo nake juya tsohuwar da ta shanye, kafin na gama na iya neman jijiyar yaron da gudawa ta tsotse. Amma akwai abin da ba wanda ya zaunar da mu ya faɗa mana muna 'yan shekara 19, wato ita wannan takardar tana da rufi, za ki yi ta hawa ki yi ta hawa sai wata rana kanki ya bugi silin.

Ban gane haka da kyau ba sai a kan matron ɗinmu. Mata ce da ta fi shekara 30 tana aiki, in jariri ya yi wani irin kuka daga ofis za ta ce ku duba min wancan, kuma in an duba sai a samu abin da ta faɗa, sabbin likitoci 'yan hausjob har raɓewa suke a bayanta. Da aka tashi naɗa wadda za ta shugabanci sashen jinya na asibitin gaba ɗaya sai aka tsallake ta aka ba wata da matron ɗin ta girme wa nesa ba kusa ba a aiki, dalili ɗaya, waccan tana da digiri har da mastas ita kuma ba ta da shi. A tsarin aikin gwamnati layin masu digiri shi ne yake kaiwa har kujerar darakta, layin marasa shi yana tsayawa a hanya. Ranar da takardar ta fito na shiga ofishinta kai mata rahoton safe, ta ɗago ta kalle ni ta ce, 'yata shekararki nawa yanzu? Na ce 33 Mama. Ta ce to kar ki yi irin tawa, ni na ce sai yara sun girma, da suka girma na ce sai an aurar da su, yanzu ga shi ritaya ce ta rage min. Ba ta ƙara komai ba ta ci gaba da sa hannu a rosta. Maganar nan har yau tana kaina.

To amma zuciyata fos-besik take so, wannan ba zan ɓoye ba. Ina son yara, ina son ɗakin nan duk da zafinsa da ƙarar injina, kuma akwai abubuwan da nake yi kullum da hannu na iya su amma in aka tambaye ni dalili sai na yi shiru, me ya sa ruwan da za a ɗaura wa bakwaini yake canzawa daga rana ta farko zuwa ta uku, me ya sa iskar oksijin in ta yi yawa take iya taɓa idon bakwaini, irin waɗannan. Fos-besik shi yake cike wannan gurbin, shekara ɗaya ne zuwa wata 18 ya danganta da fannin, ki fito kansul ta ƙara miki rajista a wannan fannin, kuma mu nan arewa ba mu rasa wuraren yi ba. Mai son ƙashi ga asibitin Dala a Kano, mai son ƙwaƙwalwa ga na Barnawa a Kaduna, mai son ido ga cibiyar ido ta ƙasa ita ma a Kaduna, asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da na Shika su ma suna da nasu kwasa-kwasan. Wadda ta yi tiyata ko sa barci ko ICU ko wankin ƙoda ba ta rasa aiki, asibitocin kuɗi har nemanta suke, ga lokom, wato aikin wucin gadi a wani asibitin, da yamma in tana da ƙarfi. Ƙawata da muka gama tare ta yi na tiyata, yanzu in ana babban aiki sunanta ake fara kira, kuma ta gina ɗakinta da kuɗin lokom, wannan a gabana aka yi.

Matsalar ita ce ko fos-besik nawa kika tara, uku ne ko huɗu, a wajen masu lissafin ƙarin girma ba su zama digiri ba. Kin faɗaɗa ne ta gefe, silin ɗin yana nan inda yake. Kuma in wata rana kika ce za ki yi mastas a nosin, abin da za a fara tambayarki shi ne ina BNSc ɗinki, wato digirin nosin. Ga shi kuma an jima ana maganar mayar da su kansu kwasa-kwasan fos-besik ɗin ƙarƙashin jami'o'i su zama karatun gaba da digiri, in dai can aka dosa to wadda ba ta da digirin ita za a bari a tasha.

Shi kuma digirin ba hanya ɗaya ba ce, nan ne ma kaina ya fi ɗaukar zafi. Akwai na zama a aji, a BUK ko ABU ko Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Maiduguri, wanda ya shiga daga sakandare shekara biyar ne, mu masu RN kuma ta DE ake shiga a fara daga aji biyu, saura shekara huɗu kenan. Wannan shi ne wanda na fi sha'awa in don ta karatu ne, ga malami a gabanki ga lab ga laburare ga abokan karatu. Amma shekara huɗu fa, ba wata huɗu ba. Sai an ba ki hutun karatu da albashi, kuma duk wadda take aiki ta san yadda layin nan yake, a ɗakinmu mu kaɗan ne, in mutum ɗaya ta tafi sauran ne za su raba dutinta, don haka sai a ce ki jira wance ta dawo, wance kuma saura mata shekara biyu. In kika ce za ki tafi ba albashi, to da me za a biya kuɗin makarantar yara, ni da maigida hannu biyu ne muke haɗawa ake rufa asiri. Sannan ga yajin aiki, a 2020 ASUU ta yi kusan wata tara, a 2022 ta yi wata takwas cur, shekara huɗun nan tana iya komawa biyar da ɗoriya ba ki yi laifin komai ba. Gurbin DE ɗin ma kansa ɗan kaɗan ne, don kansul tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta yi wa indeksin, wato rajistar ɗalibi a wajen kansul ɗin, masu nema kuma kamar ƙasa.

Sai na nesa, wato jami'ar karatu daga gida ta NOUN ko kuma na cibiyar karatu daga nesa ta ABU, duka biyun an yi su ne don wanda ya riga ya samu RN yana aiki. Ba ki ajiye aiki ba, ba ki bar gidanki ba, karatu a waya ko kwamfuta, asayimen ta intanet, lokacin jarrabawa ki nemi canjin duti ki je santa ki rubuta. A baki abin da sauƙi. Amma na ga yadda wata 'yar ɗakinmu ta yi shi, ta sauka daga dutin dare ƙarfe takwas na safe, ta je gida ta sallami yara, ta ɗora girki, ta zauna da waya za ta yi tes netwok ya ɗauke ana saura minti goma a rufe, ta kira ni tana kuka kamar an yi mata mutuwa. Ba malamin da zai bi ki, ba wanda zai ce ina kika shiga, in kika yi sake semista ta wuce ki kina kallo. Kuma akwai masu raina shi, za ki ji ana cewa ai digirin waya ne. Ni wannan bai dame ni ba, tunda hukumar jami'o'i ta NUC ta san da shi, kuma aikin hannu dai ba a jami'a zan koya ba, na riga na yi shekara tara ina yi. Abin da nake nema a wajensu shi ne ilimin da ke bayan aikin, yadda ake bincike, yadda ake karanta sakamakon bincike a gane na kirki da na banza, lafiyar al'umma, shugabanci, sai kuma ita takardar kanta.

Akwai hanya ta uku da wasu suke raɗa miki a kunne, wai ki kawo kuɗi a yi miki tof-of, wato a cike miki takardarki ta zama digiri, a wata ƙasa maƙwabciya, shekara ɗaya ko ma ƙasa da haka kin zama mai digiri ba tare da kin bar unguwarku ba. Don Allah 'yan uwa ku yi hattara. Kowa ya tuna abin da ya faru a farkon 2024, bayan wani ɗan jarida ya yi shigar burtu ya samo digiri daga Kwatano cikin sati shida, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo gaba ɗaya, har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah abin ya shafa. Araha ba ta ado. Ban ce duk karatun waje banza ba ne, yaranmu da yawa sun yi karatun lafiya mai kyau a Sudan kafin yaƙin 2023 ya koro su, wasu a Masar wasu a Indiya, amma ko su in sun dawo sai sun bi ta hannun kansul sun yi zaman sabawa da tsarin nan sun ci jarrabawa kafin a ba su lasisi. Duk makarantar da za ki ba kuɗinki, ki fara bincika ko hukuma ta amince da ita, da kanki, ba ta bakin ejan ba.

Maganar fita waje kuwa, ban cire ta daga lissafi ba amma ba ita ce a gabana ba yanzu. Ingila suna karɓar RN ta shekara uku, sai ki ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ki yi ta kwamfuta wato CBT tun kina nan, ki je can ki yi ta aikin hannu wato OSCE. Amurka kuma jarrabawar NCLEX ce. Mutanenmu da yawa Saudiyya suka fi so, kuma na gane dalili, ga addini ga sutura ba mai takura miki ga Umara a kusa, maigida ma in za a yi maganar waje ita kaɗai yake saurara. To a can ɗin ma takarda tana magana, bayan tantance takardu na Dataflow da jarrabawar Prometric hukumar lafiyarsu tana raba mutane ne gida-gida, mai difloma a sa ta a matakin teknishan, mai digiri a sa ta a matakin sifeshalis, kuma albashin ba ɗaya ba ne ko da gado ɗaya kuke kula da shi. Kinga ko ta can aka bi an sake dawowa kan digirin. Sannan ba a manta da sanarwar da kansul ta fitar a Fabrairun 2024 ba, cewa sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardu zuwa waje, har nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Dokokin nan canzawa suke, namu da nasu, shi ya sa ba na son na ɗora rayuwata gaba ɗaya a kansu.

Ana cikin haka ƙanwata da ta gama sakandare bana ta zo ta same ni ina ninke kaya, ta ce Yaya ni ma nosin zan yi, wanne zan cike a JAMB, kwaleji ko jami'a? Su yanzu zamaninsu ya bambanta da namu, makarantun da muka sani da sukul of nosin yawancinsu sun koma kwaleji, ana shiga ta JAMB, a yi ND shekara biyu a ɗora HND shekara biyu a ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha ta NBTE, a fito da lasisi kuma a je bautar ƙasa, abin da mu ba mu samu ba. Ci gaba ne babba wannan. Amma duk ɗan Najeriya ya san tsohuwar rigimar HND da digiri a wajen aiki, ba a nosin aka fara ta ba. Na ce mata in makinki ya kai kuma kin samu gurbi, tafi jami'a kai tsaye ki yi shekara biyar ɗinki, ki fito da RN a hanya, ki yi intanshif na shekara ɗaya ki yi bautar ƙasa, kin gama da wannan babin tun ba ki da nauyin kowa. In bai samu ba kar ki zauna a gida shekara uku kina jiran nosin a jami'a kamar yadda 'yar maƙwabtanmu ta yi, shiga kwalejin, aiki za ki iya sosai, amma ki sa a ranki za ki ɗora, kuma ki ɗora da wuri kafin goyo ya zo. Ta ce to ke Yaya me ya hana ki? Na ce ba wanda ya faɗa min, ke kuma ga shi na faɗa miki.

Wani abu da nake so na faɗa don yana min ciwo, wannan gabar da ke tsakanin masu digiri da masu sukul of nosin ba ta amfanar kowa. Na taɓa karɓar wata 'yar intanshif, ranar farko hannunta rawa yake ta kasa sa kanula, na riƙe hannunta na nuna mata yadda ake ɗaure hannun jariri a haska jijiyar da tocila a shiga a kwance ba a tsaye ba, sati uku ta ƙware. Ita kuma ita ce ta zaunar da ni ta nuna min yadda ake tsara kiya filan, wato tsarin kula da mara lafiya, yadda ya kamata da yadda zan nemo takardun bincike a intanet, har muka gyara yadda muke kula da cibiyar jarirai a ɗakin. Yanzu ta dawo ma'aikaciya kuma na san nan da 'yan shekaru za ta wuce ni in ban motsa ba. Ban ji haushinta ba ko kaɗan, yarinyar kirki ce kuma ta sha wahalar karatunta. Tsarin ne ya ce haka, ni kuma ba zan zauna ina faɗa da tsari da baki ba alhali ƙofar a buɗe take.

Da na zauna da maigida muka baje komai a faifai, shi lissafinsa na kuɗi ne da na gida, wa zai kai yara makaranta, wa zai zauna da su in ina jarrabawa, ni kuma nawa na shekaru ne. In na fara fos-besik yanzu zan gama ina 35, na dawo a ce sai na yi wa asibiti aiki na wasu shekaru kafin a sake sakina, kafin na waiwayi digiri na doshi 40, ga babbar 'yata ta shiga sakandare kuɗi ya ƙaru. In kuma digirin nesa na fara, ina aikina ina karɓar albashina, ban nemi alfarmar kowa ba sai ta canjin duti, na gama wajen 37 ko 38, daga nan in Allah ya ara rai ƙwarewar yaran da nake so zan iya nemanta, ko ta fos-besik ɗin ko ta mastas, kuma a lokacin duk inda tsarin ya juya ina da abin da zan shiga da shi. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda, dole ɗaya ta jira, kuma na ga wadda ta fi iya jira ita ce fos-besik, don ɗakin jarirai ina cikinsa kullum ina ƙaruwa ko ba takarda, shi kuwa digiri kullum aka ƙara shekara ƙara nauyi yake. Ya yi shiru can ya ce to Allah ya sa haka ne mafi alheri, ranar jarrabawa a kai yaran wajen Hajiya. Na yi istihara kwana uku, hankalina ya kwanta.

Ban ce kowa ta yi yadda na yi ba fa. Wadda ba ta da niyyar ofis ko koyarwa, burinta ta zama gwana a tiyata ta samu na kanta, fos-besik ya fi mata kuma ba abin kunya a ciki. Wadda take da ƙuruciya ba aure ba yara ga iyaye masu hali, ta nemi DE ta je ta zauna a aji, ya fi. Namiji mai iyali da yake ƙauye shi kaɗai ne nas a asibitin gaba ɗaya, lissafinsa daban ne da nawa.

Kuɗin rajista na shiga adashen ɗakinmu, na roƙi a ba ni ɗaukar farko, uwar adashen ta ce sai dai ta biyu don wata za ta yi suna, na ce na gode hakan ma ya yi. Lasisina saura wata biyar ya ƙare, dama duk shekara uku ake sabuntawa, don haka sai na yi kwas ɗin sabunta ilimi na MCPDP tukunna kar a zo tantancewa a ce ya mutu. Ranar Litinin kuma zan je tsohuwar makarantarmu neman taransikirif, an ce sai na je da kaina da rasit na banki da hoto biyu, na samu wadda za ta riƙe min dutin safe, ni kuma zan biya ta da dare biyu a sati mai zuwa.